Babi na Biyar: Daga Kano Zuwa Jidda, Awa Nawa Ne?

Duk shekara idan jigilar maniyyata ta ƙarato, akwai tambayar da ba ta barin bakin mutane, a sansanin alhazai da gidajen da ake shirin rakiya: awa nawa ake yi a sama kafin a sauka ƙasa mai tsarki? Alhajin da ya je shekarun baya zai ce awa huɗu da rabi. Wani ya ce biyar. Hajiyar da ta je a 2023 za ta ce sun kusa awa bakwai a zaune, har ƙafafunta suka kumbura. Wani kuma ya fiddo tsohon tikitinsa ya nuna cewa a dawowa awa biyu da rabi kacal ke tsakanin tashi da sauka. Duk cikinsu babu wanda ya yi ƙarya. Kano ba ta gusa ba, Jidda ma tana nan inda take a bakin Bahar Maliya. Nisan ɗaya ne tun ranar da aka kafa garuruwan biyu. Lokacin ne ke da hannaye da yawa a cikinsa, kuma su nake so mu bi ɗaya bayan ɗaya.

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai kimanin kilomita 3,400. Wanda ya bincika a wayarsa zai iya cin karo da wasu lambobi biyu, 2,100 da 1,850, ya ɗauka saɓani ne. Na farkon mil ne irin na tudu, mai mita 1,609. Na biyun mil ne irin na teku, mai mita 1,852, kuma da shi matuƙa jiragen sama da na ruwa suke aiki. Ba haka kawai aka yanke wannan awo ba. An raba da'irar duniya gida 360, kowane gida digiri ɗaya, kowane digiri aka sake raba shi 60, to tsawon ɗaya daga cikin sittin ɗin nan a doron ƙasa shi ne mil ɗin teku. Kano da Jidda suna nesa da juna da digiri 31 ba kaɗan, wato mai wannan tafiya ya ci kusan kashi ɗaya cikin goma sha biyu na kewayen duniya baki ɗaya.

Yadda ake auna nisan shi ne abin da ya fi rikita mutane, domin taswirar da muka saba gani a bangon aji shimfiɗaɗɗiya ce, duniya kuwa dunƙulalliya. Idan aka samu taswirar nan mai siffar ƙwallo, aka dafa bakin zare a kan Kano, aka ja shi ya yi tsam har Jidda, inda zaren ya kwanta nan ce hanya mafi gajarta. Daga Kano za ta bi ta kan Jigawa da arewacin Yobe, ta gutsiri kusurwar Nijar a yankin Diffa, ta wuce arewa da Tafkin Chadi, ta ratsa ƙasar Chadi, ta shiga Sudan ta arewacin Darfur, ta tsallake Kogin Nilu a wajejen Dongola, ta faɗa Bahar Maliya arewa da Port Sudan. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na tafiyar a kan Sudan ake yin sa. A riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Musulmi ya fi kowa kusanci da wannan lissafi, ko da bai san sunansa ba, domin shi ne lissafin alƙibla. Mai sallah a Kano yana fuskantar kimanin digiri 68 daga arewa, wato gabas da 'yar karkata zuwa hagu. Makka ba ta kai kilomita 100 daga Jidda ba, saboda haka jirgin da ya miƙe sak daga Kano zuwa Jidda kusan inda liman ke fuskanta shi ma ya dosa. Malaman taurari na Musulunci sun sha wahalar wannan mas'ala ɗaruruwan shekaru kafin a ƙera jirgin sama. Abu Raihan al-Biruni ya kammala wani littafi a Gazna, cikin Afganistan ta yau, a shekarar 1025, kan gano matsayin garuruwa da nisan da ke tsakaninsu, kuma babban abin da ya sa a gaba shi ne fitar da alƙiblar garin. Lissafin kusurwoyi a kan dunƙulallen abu da ya yi aiki da shi, shi ne dai kwamfutar jirgi ke yi a yau cikin ƙiftawar ido. Ina ganin ya kamata a riƙa gaya wa yaranmu wannan a makaranta, a darasin lissafi da na addini duka.

A tafiya irin ta Kano zuwa Jidda, bambancin zaren nan da layin da mutum zai ja da rula a taswirar bango ba shi da yawa, saboda garuruwan biyu ba su yi nisa da tsakiyar duniya ba. A wurare masu nisa ne abin ke ba da mamaki. Birnin New York yana arewa da Makka sosai, amma masallatan can arewa maso gabas suke fuskanta, kimanin digiri 58. Jirgin da ya tashi daga Dubai zuwa Los Angeles kuwa arewa yake nufa, ya bi ta kusa da ƙuryar duniya mai ƙanƙara, sannan ya gangaro ta Kanada. A taswirar bango sai ka ce ya yi kewaye, alhali yanke ya yi.

To, mun sami nisa. Manyan jiragen da ke jigilar alhazai, irin su Boeing 747 da Airbus A330, suna gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa idan sun daidaita a sama. A raba 3,400 da 870, za a sami awa huɗu ba 'yan mintoci. Ina sauran rabin awar, ko fiye, ta shiga?

Da farko, lokacin da kamfani ke rubutawa ba daga barin ƙasa yake farawa ba. Yana farawa ne daga sa'ad da aka cire wejin tayoyi jirgi ya motsa daga inda ya ɗauki fasinja, ya ƙare sa'ad da ya tsaya cik a ɗaya ɓangaren. Tafiyar hawainiyar da yake yi zuwa bakin titin tashi, da jiran izini daga hasumiya, duk suna ciki. Bayan ya tashi yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya kai tsayin da zai zauna, ƙafa 33,000 zuwa 41,000, kuma a ƙasa da ƙafa 10,000 doka ta taƙaita gudunsa zuwa kimanin kilomita 460 a awa, saboda nan ne jirage suka fi cunkoso. Saukowa ma ba a yin ta farat ɗaya. Matuƙa suna da ƙa'ida mai sauƙi: kowace ƙafa 1,000 da za a sauko tana cin mil uku na teku. Jirgin da ke ƙafa 36,000 zai fara gangarowa tun saura kilomita 200, wato jirgin alhazai yana kan ruwan Bahar Maliya zai fara rage tsayi. Sannan jirgi yakan sauka ne yana fuskantar iska, don haka wani lokaci sai ya wuce filin ya kewayo. A lokacin aikin Hajji kuma filin Jidda, duk da titunansa uku, cike yake da jirage daga Jakarta da Dakar da Istanbul da Lahore, kowa na jiran layinsa.

Wannan ƙarin na tashi da sauka kusan ɗaya ne ko tafiyar gajera ce ko doguwa, shi ya sa gajerun tafiye-tafiye suke fin tsada a lokaci. Kano zuwa Abuja kimanin kilomita 365 ne, kuma awa guda ake rubutawa. Jidda ta ninka Abuja sau tara a nisa, amma ba ta ninka ta fiye da sau biyar ba a lokaci.

Sai iska. Mai tuƙa kwalekwale a Yawuri ya san cewa ƙarfin damtsensa ɗaya ne ko ya bi ruwa ko ya tare shi, amma lokacin isarsa ba ɗaya ba ne. Haka jirgi yake a cikin iska. Kilomita 870 ɗin nan gudunsa ne a cikin iskar da ke ɗauke da shi. Idan ita kanta iskar tana tafiya gabas da kilomita 100 a awa, mai zuwa Jidda yana cin ƙasa da 970, mai dawowa kuma da 770. Na farko zai yi awa uku da rabi a tsakiyar tafiyar, na biyu ya yi kusan awa huɗu da minti 25. Kusan awa guda ke nan tsakaninsu, a hanya ɗaya, da jirgi iri ɗaya, a rana ɗaya. Akwai wani abu kuma da ba kowa ke lura da shi ba: abin da iska ta ba ka a zuwa bai kai abin da za ta karɓe a dawowa ba. A misalin nan ta rage minti 24, ta ƙara minti 30, saboda jirgi ya fi daɗewa a cikin iskar da ke tare shi fiye da wadda ke tura shi.

A can sama, tsakanin kilomita 9 zuwa 12, akwai wasu hanyoyin iska masu tsananin gudu da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, wani lokaci fiye da kilomita 300 a awa. Su ne suka sa New York zuwa Landan yake kusan awa bakwai, Landan zuwa New York kusan takwas. A watan Fabrairun 2020, lokacin wata guguwa mai ƙarfi, wani jirgin British Airways ƙirar 747 ya yi wannan tafiya ta gabas cikin awa 4 da minti 56. A namu yankin lamarin yana bin yanayin shekara. Da hunturu iskar yamma ce ke rinjaye a saman Sahara, tana tura mai zuwa Saudiyya. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, wata iska ce ke tasowa daga wajejen Indiya ta ratso Larabawa da Sudan da Sahel tana nufar yamma, sai al'amarin ya juye, mai dawowa gida ya fi samun sauƙi. Tun da watan Zulhajji yana matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekarar Miladiyya, yana kewaye yanayin shekara cikin kimanin shekara 33. Uba da ya yi Hajji da sanyi da ɗansa da ya yi da damina ba iska ɗaya suka shiga ba, ba kuwa abin mamaki ba ne idan lissafinsu ya saɓa.

Wasu sukan ce ai juyawar duniya ce ke kawo bambancin, tun da ƙasa tana gudu gabas a ƙarƙashin jirgi. Gaskiya ne a daidai Kano ƙasa tana juyawa da fiye da kilomita 1,600 a awa, amma tare take tafiya da iskar da ta lulluɓe ta, da filin jirgin, da jirgin da ke ajiye a kansa. Jirgi bai rabu da wannan gudu don ya ɗaga sama ba. Hannun juyawar duniya a cikin lamarin ta bayan gida yake: ita ce ke karkata manyan iskokin nan su miƙe gabas ko yamma.

Tikitin awa biyu da rabi kuwa aikin agogo ne. Nijeriya da Nijar da Chadi suna gaba da agogon GMT da awa ɗaya, Saudiyya da awa uku. Kowane tikiti yana rubuta lokacin tashi da agogon garin da aka tashi, lokacin sauka da agogon garin da aka sauka. Wanda ya bar Kano ƙarfe 10:00 na dare ya yi awa huɗu da rabi, zai sauka agogon hannunsa na cewa 2:30, na bangon filin Jidda na cewa 4:30 na asuba. A takarda awa shida da rabi. A dawowa, ya bar Jidda 10:00 na safe, ya taka Kano 12:30 na rana. A takarda awa biyu da rabi. Jikinsa dai awa huɗu da rabi ya zauna a kowace.

Wannan rata ta awa biyu ba ƙirƙirar hukuma ce kawai ba, rana ma ta yarda da ita. Duniya tana juya digiri ɗaya cikin minti huɗu, kuma Jidda tana gabas da Kano da digiri 30 da ɗoriya, saboda haka rana tana riga fitowa can da kimanin awa biyu. Ga matafiyi Musulmi wannan magana ce ta ibada. Wanda ya tashi Kano ƙarfe 2:00 bayan ya yi azahar zai sauka Jidda wajen 8:30 na dare, la'asar da magariba duk sun same shi a kujera, kuma sun zo kusa da juna fiye da yadda ya saba. Mai azumi da ya tafi Umara a Ramadan yininsa zai gajarta idan ya nufi gabas, ya tsawaita idan ya nufo gida, kuma daga tagar jirgi zai ci gaba da ganin rana bayan ta faɗi ga mutanen da ke ƙasa. Hukuncin haɗa salloli da ƙasaru da buɗa-baki na malamai ne, amma tambayar a ƙasa ya kamata a yi ta, a wajen bita, tun kafin a ɗaura ɗamarar kujera. Haka batun miƙati ga wanda zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye. Jirgi yana cin kusan kilomita 15 a minti ɗaya. Mutumin da ya ce sai an yi sanarwa zai tashi ya nemi haraminsa a jaka, ya bi layin makewayi, kafin ya fito an bar wurin da tazarar da ta fi Kano zuwa Zariya. Shi ya sa ake ɗaura harami tun daga ƙasa. A shekarun nan yawancin maniyyatan Nijeriya Madina ake fara kai su, wadda ta fi Jidda nisa daga Kano da kimanin kilomita 150, ƙarin minti goma ke nan a sama, sai su ɗauki harami daga baya a Zulhulaifa cikin natsuwa.

Duk abin da muka lissafa zuwa nan yana ƙara mintoci ne ko ya rage. Abin da ke ƙara awoyi mutane ne.

Sama tana da masu ita. Yarjejeniyar da ƙasashe suka sa wa hannu a birnin Chicago a 1944, wadda ta haifar da hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta fara ne da cewa kowace ƙasa tana da cikakken iko da sararin da ke bisa ƙasarta. An yanka sararin duniya yanki-yanki, kowane da cibiyar da ke kula da shi. Na Nijeriya baki ɗaya da sunan Kano ake kiransa a takardun matuƙa na duniya, shaidar matsayin da garin ya riƙe a tarihin jiragen sama. Idan hanya a buɗe take, jirgin alhazai yana fita daga hannun masu kula da sararin Nijeriya ya shiga na Njamena, daga nan Khartum, daga nan Jidda, kowa yana miƙa shi ga na gaba, kowa kuma yana karɓar kuɗin wucewa. Ba ya bin zaren nan daidai-wa-daida, yana bin hanyoyin da aka shata ne daga wata alama zuwa wata, wanda ke ƙara 'yan kilomitoci. Wannan duk mai sauƙi ne, muddin akwai wanda zai amsa kira a kowace cibiya.

Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Filin jirgin birnin yana cikin wuraren da aka fara gwabzawa, jiragen fasinja da ke ajiye suka ƙone, aka rufe sararin samaniyar ƙasar. Saura makonni kaɗan a fara jigilar maniyyatan Nijeriya, waɗanda aka ba kujeru 95,000 a wannan shekara. Abin bai tsaya kan Sudan ita kaɗai ba, domin har lokacin Khartum ce ke kula da sararin sama na can ƙololuwa a kan Sudan ta Kudu. Katanga ke nan aka gitta tun daga iyakar Masar har kusa da Uganda. Hanya biyu suka rage. Ko a yi arewa a nemi Masar, inda Libiya ke tsakani da nata rikicin, ko a yi kudu ta Kamaru da Afirka ta Tsakiya, a kewayo ta Uganda da Kenya da Habasha a haura Bahar Maliya. Tafiyar ta ƙaru da awa biyu ko fiye. Kamfanonin da hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta ɗauka suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowane maniyyaci, bayan an riga an yanke kuɗin kujera mutane sun biya.

An yi ta zargin kamfanonin da haɗama a lokacin, amma a duba lissafin. Jirgi ƙirar 747 yana shan kimanin tan 10 na mai a awa, A330 kuma kusan tan 6. Ƙarin awa biyu a zuwa da biyu a dawowa tan 40 ke nan ga babban, kuma jirgin jigila galibi fanko yake dawowa. Man da aka ƙara nauyi ne, ɗaukarsa ma yana cin mai. Ma'aikatan jirgi suna da iyakar awoyin da doka ta yarda su yi ba hutu, idan tafiya ta tsawaita sai an ƙara mutane. Mafi girma, jirgin da ke zuwa ya dawo cikin awa 14 ya koma yin 18 ko 19, sawun da zai yi a mako ya ragu, alhali Saudiyya tana rufe karɓar maniyyata kwanaki kaɗan kafin Arfa, ba ta ɗagawa. Yadda aka raba nauyin kuɗin abin tattaunawa ne, amma shi kansa nauyin na gaske ne.

Abin da ya fi taɓa ni a wannan lamari shi ne ƙasar da abin ya faru. Sudan ce hanyar Hajjin kakanninmu. Daga Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram suke ɗaukar sanda da gora, su bi Barno, su ratsa Bagirmi da Wadai, su shiga Darfur da Kordofan, su tsallake Nilu, su kai Sawakin su jira jirgin ruwa. Tafiya ce ta shekaru. A tsaya a yi noma ko ƙwadago a tara guzuri, a haihu a hanya, a binne wasu a hanya. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya ɗauki wannan hanya da jama'a mai yawa, aka kashe shi a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello ya ci gaba da sauran har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, mahajjata da yawa a can suka nemi kuɗin ƙarasa tafiya, wasu kuma can suka zauna har yau jikokinsu na jin Hausa.

Jiragen sama ma sawun waɗannan matafiya suka bi. Jiragen farko da suka sauka Kano, ranar 1 ga Nuwamban 1925 a zamanin Sarki Usman, guda uku ne na sojan saman Ingila ƙarƙashin Arthur Coningham. Sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira ranar 27 ga Oktoba, suka biyo ta Sudan da Chadi da Maiduguri suna yada zango, da gudun da bai kai rubu'in na jiragen yau ba. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe zirga-zirga tsakanin Khartum da Kano ta El Obeid da El Fasher da Jinaina da Fort Lamy, wato Njamena ta yanzu. A Yaƙin Duniya na Biyu dubban jiragen yaƙi da aka harhaɗa a Takoradi ta Ghana ta wannan layi suka bi zuwa Masar. Jirage masu dogon zango sun zo sun shafe zangunan, har aka kai matsayin da alhaji zai ratsa Darfur yana barci, bai san sunan ko gari ɗaya da ke ƙarƙashinsa ba. Sai 2023 ta nuna cewa awa huɗu da rabin nan da muka ɗauka tamkar haƙƙinmu ce ta dogara ne ga zaman lafiyar mutanen El Fasher da Khartum. Mu awa biyu muka rasa da wasu daloli. Su miliyoyi ne suka rasa gidajensu, cikinsu har da Hausawan da hanyar Makka ta ajiye a can.

Ba a cika wata huɗu da rufe sararin Sudan ba sai ga irinsa a ƙofar gida. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijar ta rufe sararinta ranar 6 ga Agustan 2023 na kusan wata guda, jiragen da ke tsakanin Turai da Nijeriya da kudancin Afirka suka koma kewayawa ta yamma. A wani ɓangaren duniya, tun da Rasha ta hana jiragen Turai bi ta kanta a 2022, Helsinki zuwa Tokyo ya tashi daga kimanin awa tara da rabi zuwa 13.

Akwai kuma jinkirin da ke faruwa tun jirgi bai motsa ba, wanda ya fi kowanne ƙona ran matafiyi. Hazon hunturu yana iya rufe Kano ko Sakkwato ko Maiduguri har matuƙi ya kasa ganin titi. Saboda irin haka doka ta wajabta wa kowane jirgi ɗaukar man da zai kai shi, da ƙari don abin da ba a zata ba, da wanda zai kai shi wani filin na daban, da na shawagin minti 30 a kan wannan duka. Wani jinkirin kuma na gyara ne, kuma a nan ina roƙon mai karatu ya sassauta fushinsa. Ranar 11 ga Yulin 1991 wani jirgi ƙirar DC-8 da aka yi haya don dawo da alhazai ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato da tayoyin da iskarsu ba ta cika ba. Bincike ya nuna an san da matsalar, an nemi a cika su, aka ƙi tsayawa don kada a makara. Tayoyin suka fashe a kan titi, suka kama wuta, aka naɗe su cikin jirgin suna ci. Mutum 261 da ke ciki babu wanda ya tsira. Allah Ya jiƙan musulminmu da suka rasu a ranar.

Sai dai haƙurin da ake nema wurin matafiyi yana da haƙƙi a kan masu jigila, shi ne su faɗi gaskiyar lokaci. Lissafin ba ɓoyayye ba ne. Daga Maiduguri zuwa Jidda kimanin kilomita 3,000 ne, daga Sakkwato 3,700, daga Yamai 4,000, daga Legas 4,200. A raba kowanne da 850, a ƙara minti 30 zuwa 40, za a sami abin da ya kusanci gaskiya idan hanya a buɗe take. Idan kuwa za a kewaya, jami'an da ke sansani sun san haka tun kafin a kira sunaye, domin ba a tashi sai an miƙa takardar hanyar da za a bi. Yawancin maniyyatanmu dattawa ne, da yawa wannan ne hawansu na farko. Mai ciwon sukari yana buƙatar sanin yaushe zai ci abinci ya sha magani, kuma da wane agogo. Mai hawan jini kada maganinsa ya tafi cikin babbar jaka a ƙasan jirgi. Tsohuwar da za ta zauna awa bakwai tana buƙatar a gaya mata ta riƙa shan ruwa, ta motsa ƙafafunta, ta tashi ta taka idan an ba da dama, domin dogon zama yana iya daskarar da jini a jijiyoyin ƙafa, kuma da yawa sukan ƙi shan ruwan ne don tsoron makewayin jirgi da ba a nuna musu yadda ake amfani da shi ba. Malaman bita suna koyar da ɗawafi da sa'ayi da jifa dalla-dalla. A ƙara musu minti goma a faɗa wa mutane, da Hausa, ta ina jirginsu zai bi, awa nawa za su zauna, da ƙarfe nawa agogon can zai nuna idan sun sauka.